Wa Ya Sauke Tutar Shanu

Litinin, 7 ga Afrilu, bayan la'asar

Kwamin shanu ya sake wayar gari babu ruwa. Karo na huɗu ke nan tun bayan Sallah. Ina tsakiyar aji Alhaji Gali ya kira, shugaban kwamitin ruwa na Unguwar Marke, ko gaisuwa bai tsaya mun gama ba. Na bar ɗalibai da zane a allo, na hau acaɓa tun daga Azare har bayan Chinade cikin ranar nan mai dafa kai.

Na tarar da abin da na saba tararwa. Tankin gari cike, mata na ta ɗiba. Tankin shanu ƙaf, kaji har sun shiga kwami suna tono. Na hau tsani, na ɗaga ƙwallon da ke auna ruwa, na sake shi ya faɗi. Kafin kwata guda bawul ya buɗe, ruwa ya kama hanya. Wata tsohuwa ta ce, "Ai injin nan tsoronki yake ji." Aka yi ta dariya. Ni ban ga abin dariya ba.

Ni na haɗa shi, ni na rubuta umarninsa layi-layi. Bohol ɗaya, tanki biyu. Duk tankin da ruwansa ya yi ƙasa sai ya aika saƙo ta wayar da na binne a ƙasa zuwa ayisi, wato 'yar ƙwaƙwalwar injin da ke ɗakin famfo, sau ɗaya tak, don kada batir ya sha wahala. Ayisin na da akwatunan saƙo, na farko na gari, na biyu na shanu. In saƙo ya shiga akwati sai tutarsa ta tashi a rajistar rahoto, wato gurbinsa ya bar sifili ya koma ɗaya. Duk bayan kwata injin ya farka, ya duba tutoci, ya buɗe wa mai bukata. Wata bakwai yana aiki ko tari bai taɓa yi ba.

An yi zama a gindin marke kafin in taho. An tambaye ni, na ba da amsa, ba na kuma son rubuta ta. Kwamiti ya ce in haka ta ci gaba, ranar Juma'a ta sama za a karɓi makullin ɗakin famfo daga hannun Malam Sha'aban. Shekara sha tara yana riƙe da ruwan garin nan, tun zamanin famfon tuƙa-tuƙa.

Talata, 8 ga Afrilu, da hantsi

Ba ni da aji yau. Na karanta umarnin daga farko har ƙarshe sau biyu. Lafiya lau yake.

Laraba, 9 ga Afrilu, bayan magariba

Abban Sadiya ya dawo daga kasuwa da labarina a bakinsa. Wani ɗan Chinade mai sayen taki a shagonsa ne ya ba shi.

Ya ce, "Maman Sadiya, wai da gaske kin ce injinki ba ya son kai, in ruwa bai je ba a tambayi mai makulli?"

Na ce ai ba da wannan muryar na faɗa ba. Ya ce shi bai san murya ba, kalmomin aka kawo masa. Na ce to ƙarya na yi? A cikin ɗakin akwai kan famfo na hannu a bututun shanu, in aka murɗe shi ko inji ya buɗe ruwa ba zai wuce ba. Kuma kowa ya san bara shanun rugar Ardo Yakubu sun cinye wa Malam Sha'aban wake, bai kai ƙara ba, bai kuma manta ba.

Ya ce, "Ke kika san bai manta ba?"

Na tashi na ba shi wuri. Haushin mutumin nan nake ji in ya yi tambaya ya ci gaba da cin tuwonsa.

Alhamis, 10 ga Afrilu, ƙarfe biyar

Na koma. Na ƙara wa injin ƙidaya, duk saƙon da ya gani ya rubuta na wane ne. Sannan na yi wani abu da ba a koyar da shi a makaranta: na ɗaura baƙin zare siriri daga kan famfon hannu zuwa ƙusar bango, ta baya, inda ido ba ya kaiwa. Duk wanda ya murɗa sai ya tsinke.

Malam Sha'aban na waje yana shara. Dogo ne, siriri, kullum hularsa a karkace. Da na fito ya kawo min ruwa a moɗa, ya ce, "Sannu da aiki, Injiniya." Ya tambayi mutan gida ɗaya bayan ɗaya. Bai ɗauko maganar gindin marke ba, ni ma ban ɗauko ba.

Da zan hau mashin ya ce, "Zan riƙa shara a hankali ta wajen ƙusar nan, kada tsintsiya ta ɓata miki aiki."

Har muka iso Azare kunnuwana zafi suke.

Asabar, 12 ga Afrilu, da azahar

Ruwa na tafiya. Kwana biyar ke nan. Wataƙila shi ke nan.

Litinin, 14 ga Afrilu, bayan la'asar

Ba shi ke nan ba.

Zare na nan yadda na ɗaura shi. Ƙidaya ta ce gari saƙo ɗaya, shanu sifili. Ke nan injin bai ma yi niyyar buɗewa ba, balle wani ya tare masa hanya.

Ardo Yakubu na tsaye a bakin kwami da sandarsa a kafaɗa, shanu sun fi ɗari a bayansa suna kuka. Ya ce da ni, "Malama, mu ba mu san inji ba. Mu abin da muka gani, ran da gari ke son ruwa, saniya ba ta sha. Ran da gari ya ƙoshi, a ba mu. Inji ya san Bafillace ne? Mutum ne ya sani." Ya ce in suka rasa a nan dole su gangara fadama, hanyar fadama kuwa ta cikin albasar mutane ta bi. Don a raba wannan rigimar aka gina kwamin tun farko.

Na ɗaga ƙwallo, ruwa ya zo. Alhaji Gali ya tambaye ni me na gano. Na ce ina kan bincike. Ban yi ƙarya ba, ina kan bincike. Zare bai tabbatar da komai ba, mutum na iya zare waya ya mayar.

Zai iya, ai.

Laraba, 16 ga Afrilu, ƙarfe shida na yamma

Na bi wayar tankin shanu taku-taku, mita ɗari uku, ina tonawa ina binnewa. Na yi fatan gara, na yi fatan ɓera, na yi fatan fartanyar wani. Wallahi da na ga inda akuya ta tauna da na rungume ta. Waya lafiyarta ƙalau, ƙullin da na yi mata da hannuna yana nan da tef ɗinsa, ba wanda ya taɓa. Na duba rajistar da ke ƙirga kurakuran hanya, sifili. Na duba rajistar umarni ko akwatin shanu ya rufe kansa, a buɗe yake yana jiran saƙo.

Komai lafiya, shanu ba ruwa. Hannuna duk ya yi kanta, mayafina ya yage a ƙaya.

A ofis kuma Malam Najmuddeen na sashenmu ya tare ni da fara'arsa ta mugunta, wai ya jikin injin? Ya ji an ce za a kafa irinsa a Gololo da Dambam, to shi yana ba da shawara a sayi bokitai tukuna. Shekara uku yana koyar da ayisi bai taɓa kunna ko ƙwan fitila da shi ba. Na ce masa na gode.

Alhamis, 17 ga Afrilu, da la'asar

Injin ya sake yi, kuma yau na yi wayo. Na hana kowa taɓa komai, ni ma ban hau tsani ba. Na jona kwamfuta na leƙa cikin ayisin yadda yake.

Saƙon na nan. Yana zaune cikin akwati na biyu, lambar tankin shanu, ruwa ya yi ƙasa, harafi ko ɗaya bai ɓace ba. Ya iso lafiya. Amma tutarsa a ƙasa take, sifili, kamar an karanta an biya bukata. Injin kuwa ba ya buɗe akwati sai ya ga tuta.

To wa ya sauke ta? Babu makullin da ke shiga nan. Babu yatsan da ke kaiwa nan.

Na zauna a kan bulo ina kallon sifilin nan har wuyana ya ƙage. Gobe Juma'a.

Juma'a, 18 ga Afrilu, bayan la'asar

An karɓa.

Bayan an sauko daga masallaci aka zauna. Alhaji Gali ya ce ba zargi ba ne, gwaji ne na mako guda, makulli ya zauna a wurinsa a gani. Ya juyo ya ce, "Injiniya Bara'atu, akwai abin da za ki ƙara?" Na ce akwai wasu alamu amma ban kammala ba. Ya ce to in kin kammala ma ji. Me zan ce musu? In ce tuta ta sauka? Su ce wace tuta, in ce ban san wanda ya sauke ta ba? Mutum ba ya tsayawa gaban jama'a da rabin magana.

Malam Sha'aban ya kwance makullin daga igiyar wuyansa. Ƙullin ya yi tauri, sai da ya sa haƙori. Ba wanda ya kalle shi yana yi, kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

Da aka watse ya biyo ni bakin hanya da wasu takardun buhun siminti a naɗe. Ya ce, "'Yata, ga wannan ko zai yi miki amfani. Tun da kika ce kada in taɓa komai ban taɓa ba, sai dai in duba in rubuta." Rubutun ajami ne da tawada, ni kuwa ajamina bai wuce sunana ba. Na cusa a jaka.

Asabar, 19 ga Afrilu, da walaha

Abban Sadiya ya karanta min, yana bi da yatsa. Kullum da asuba, bayan salla, tsohon nan yana ƙwanƙwasa jikin tankunan biyu da sanda, ya ji inda ruwa ya tsaya, ya rubuta. Tun ranar da aka kafa injin. Litinin kaza, na gari rabi, na shanu ƙasa, ya buɗe. Laraba kaza, na gari ƙasa, na shanu rabi, ya buɗe. Shafi bayan shafi. Na ce ya tsallake zuwa bayan Sallah.

Duk ranar da aka samu matsala magana ɗaya ce a gabanta: biyun ƙasa.

Da sanyi ba a shan ruwa sosai, tankunan ba sa ƙarewa tare. Yanzu da zafi ya zo sukan kwana duka biyun a ƙasa, injin kuma ba ya farkawa sai rana ta hau kan sola. Ya farka ya tarar da tuta biyu a tsaye. Ni kuwa duk gwajin da na yi, a teburina da a can, ɗaya-ɗaya nake yi. Ban taɓa aika saƙo biyu tare ba. Ko sau ɗaya.

Abban Sadiya ya naɗe takardun ya miƙo min, ya tashi ya tafi shago. Da ma ya yi magana.

Lahadi, 20 ga Afrilu, ƙarfe huɗu

Na haɗa a tebur. Na danna na gari da na shanu tare. Na gari ya buɗe, tutar shanu ta faɗi. Na sake, haka. Sau goma sha ɗaya na yi, kamar wata mara hankali, ko a na sha biyu zai ji kunyata.

Littafin kamfanin ayisin shafi dubu da wani abu ne. A ƙasan teburin rajistar rahoto akwai layi ɗaya da ƙananan haruffa: ana sauke tuta ne ta hanyar rubuta mata ɗaya, rubuta sifili ba ya yin komai. Na san wannan. Na koyar da shi zangon da ya wuce, har na sa shi a jarrabawa.

Ga abin da layina ke yi. In ya gama da saƙon gari, sai ya kwafi rajistar gaba ɗayanta, ya rubuta ɗaya a gurbin gari don ya sauke tutarsa, ya mayar da ita duka. A rajistar umarni haka ake yi, don kada ka canza abin da ba ka nufa ba, kuma hannuna ya saba. Amma a rajistar rahoto, in tutar shanu na tsaye lokacin da ya kwafa, to ɗaya ce a gurbinta, ya kuma mayar mata da ɗayan. Ya sauke ta da hannunsa. Ya juya ya duba, bai ga kowa ba, ya koma barci. Tankin shanu kuma na hana shi maimaita kira, saboda batir.

Kuma ni na sa gari a akwati na farko. Ba da wata manufa ba, shi na fara jonawa. Ardo ya fi ni gaskiya, injin na fifita gari, kuma mutum ne ya koya masa.

Gyaran bai kai minti biyu ba. Na goge alama ɗaya.

Litinin, 21 ga Afrilu, bayan la'asar

Na je na ɗora gyaran. Dole ne, 'yan ruga sun daina dogara da kwamin ko da ruwa a ciki, jiya ɗan maraƙi ya faɗi a hanyar fadama bai tashi ba, an kuma yi cacar baki da masu albasa har an ɗaga sanda. Na sa tankuna su riƙa maimaita kira har sai an amsa musu. Alhaji Gali ne ya buɗe min ɗakin. Ya tambaya me nake yi, na ce 'yan gyare-gyare.

Sai a kan mashin lissafin ya zo min. An karɓi makulli Juma'a. Daga yau ruwa ba zai sake yankewa ba.

Talata, 22 ga Afrilu, da safe

Ruwa na tafiya.

Laraba, 23 ga Afrilu, da azahar

Alhaji Gali ya kira yana murna. "Kin gani ko, Injiniya? Tun da makulli ya dawo hannuna ko sau ɗaya. Ashe maganarki ce gaskiya tun farko. Allah dai ya shirya." Ya ce jiya an yi raɗin sunan jikan Malam Sha'aban, 'yan ruga ko mutum ɗaya bai taka ba, su da ke kawo masa ƙwaryar nono duk shekara. Na ce layin ba ya da kyau, zan kira shi.

Mutanen Gololo sun turo a sa musu rana.

Alhamis, 24 ga Afrilu, bayan magariba

Na yi wa ɗalibai tsawa yau a kan abin da bai kai ya kawo ba. Na ƙona miya. Na ce da Abban Sadiya ai ba wanda ya mutu, tsoho ne, dama ya kusa ajiye aikin, in na yi shiru wata biyu an manta. Ya ce haka ne. Na ce in na faɗa, Najmuddeen zai yi shekara yana ba da labarina a ɗakin malamai, Gololo da Dambam kuma sai dai in ji a bakin wasu. Ya ce haka ne. Na ce ka daina ce min haka ne.

Ya ce, "To me kike so in ce, Maman Sadiya? Ke kika san abin da kika gani a cikin injin. Ni siminti kawai na karanta."

Na tsani makon nan. Na tsani layin nan. Kaina na fi jin haushi, kuma ba inda zan kai ƙararsa.

Juma'a, 25 ga Afrilu, ƙarfe shida na yamma

Na faɗa.

Na tafi da allon gwajina da batir, na ajiye a kan tabarma a gindin marke. Na ce Ardo ya danna maɓalli ɗaya, Alhaji Gali ya danna ɗaya, a tare. Da tsohon umarni fitilar gari ta kama, ta shanu ta ƙi. Da sabo duka suka kama. Na ce kuskuren nawa ne, ni na rubuta shi, tun ranar farko yana ciki. Na faɗi zare. Na faɗi cewa tun ranar sha huɗu na san ba a taɓa famfon hannu ba, tun sha bakwai na san ba hannun mutum a ciki, na kuma zauna a nan aka karɓi makulli ina kallo.

Na shirya wa zagi. Ba a yi ba. Alhaji Gali ya yi dariya ya ce, "Ikon Allah, ashe inji ma na mantuwa." Ardo ya ce a sake danna masa ya gani, aka sake. Wani ya ce ai Injiniya ta yi ƙoƙari da ta gano. Har addu'a aka yi min. Sannan Alhaji Gali ya laluba aljihu ya ce, "To Malam Sha'aban, ga kayanka, komai ya wuce," ya ajiye makullin a gabansa kamar mai mayar da aron fartanya.

Malam Sha'aban ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Ya tashi ya sa takalmansa. Makullin na kan tabarma.

Na bi shi har ƙofar gidansa. Na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe min."

Ya ce, "Na yafe miki tun ran da kika ɗaura zare, 'yata. Ke baƙuwa ce, wata bakwai kika san ni."

Na ce to ya koma ya ɗauki makullin, kowa ya ji gaskiya yanzu.

Ya gyara hularsa, ta sake karkacewa. Ya ce, "Da aka ce inji ya ce ni ne, suka yarda. Yau an ce inji ya ce ba ni ba ne, sun yarda. Mutanen nan tare muka yi kaciya da wasunsu. Shekara sha tara ina ba su ruwa, mako uku ana maganata a gabana, ba wanda ya juyo ya ce, Sha'aban, kai me ka gani?"

Na buɗe baki in ce ai ni na tambaye shi. Sai na tuna ban taɓa ba.